Sakatar Ɗakin Sama

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya fama da masu naƙuda? Mu nan lafiya lau muke, sai zafi. Baban yara yana gaishe ki, Auta ma ta ce in gaishe ki da kyau. Gwaggo tana nan ƙalau, in ban da gwiwar nan da kika sani. Tana cin abincinta, tana shan maganinta. Duk ranar da direban motar magani zai biyo, tun safe take fara tambaya ko ya kawo takardarki. Tunda waya ba ta shiga wajen aikin naku, shi ne wayarmu.

Yaya, zafin bana sai wanda ya gani. Ruwan famfo da rana sai ki rantse dafa shi aka yi. Wuta kuwa sai ta yi kwana biyu ba a kawo ba, fanka ta zama kayan ado. Ina kan keke zufa na ɗiga a yadin mutane, shekaranjiya har wata ta ce min ita ɗinki ta kawo ba wanki ba. Kullum da yamma hadari zai haɗu, ya yi baƙi ƙirin, ya gama ruguginsa, sannan ya watse ya bar mu da gumi.

Ga albishir. Auta ta gama karatun haɗa magunguna, sakamako ya fito, ta ci. Babanta ya ce sai an yi mata liyafa a tsakar gida, Asabar ɗin ƙarshen wata. Za a kafa rumfa, a jera kujeru. Danginsa duk za su zo, har da babbar yayarsa, wadda kin san ba a iya mata. Don Allah ki nemi hutu ki zo, ko na kwana uku ne. Na yanka miki riga, hannu kawai ya rage in haɗa.

Saboda baƙin, na mayar da Gwaggo ɗakin sama na ɗan lokaci. Can ma ya fi shan iska. Gidan ne ya yi mana ƙunci kwanan nan, duk inda kika juya mutum ne ko kaya.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki.

*

Ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na kuma ji daɗin labarin Auta ƙwarai. Allah ya sa albarka, ya ba ta aiki mai amfani. Ki ce mata yanzu ni da ita mun zama abokan sana'a, ta daina ɓoye min in ta gan ni da allura. Ki gaida maigidan. Ki gaida Inna, ki ce mata ina nan lafiya, ƙafar da nake kuka da ita ta warke.

Mu ma zafin bai bar mu ba. Makon nan tsofaffi uku aka kawo mana ranga-ranga, ba wani ciwo sai rana. Shi ya sa zan roƙe ki. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar mu, sai jikinsa ya bushe bai sani ba. Kada ki jira Inna ta nemi ruwa, ki riƙa miƙa mata. Ki jiƙa zane ki rataya a taga, ki shafa mata ruwa a wuya da hammata da rana tsaka. In kika ga ta daina zufa ko maganarta ta fara hardewa, ki haɗa ruwan gishiri da sukari ki ba ta, ku tafi asibiti. Ɗakin saman nan, ba shi ne mai kwano ba sili ba? Ko an gyara shi bayan tafiyata?

Zuwa kuwa, ki yi haƙuri. Na nemi hutu ba a ba ni ba, mu biyu ne kawai ungozoma a nan.

Inda kika ce gida ya yi muku ƙunci, sau uku na karanta shi. Na gane, kuma ban ga laifinki ba. Wata shida na ce ki riƙe min ita, ga shi an shiga shekara ta uku. Ke ba ita ta haife ki ba, ita da babanki 'ya'yan wa da ƙani ne kawai, amma kin yi abin da ni 'yar cikinta ban yi ba. Ki ƙara min haƙuri. Har yanzu ɗaki ɗaya muke rabawa ni da abokiyar aikina, da na sami wuri zan ɗauke miki nauyin.

Ba na kwana da damuwa a kanta. Na san hannun da na bar ta.

Yayarki.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Muna lafiya. An yi liyafa an gama. Hadarin da ya yi ta yi mana wasa, ranar ya tashi saukowa. Iska ta tumɓuke rumfa, kujeru suka watse, abinci ya jiƙe. Ba wanda ya ji rauni a cikin baƙi. Gwaggo ta ɗan kwashi sanyi, tana tari, amma ana ba ta magani. Ta dawo ɗakinta na ƙasa.

Ni ban ce Gwaggo ta yi min nauyi ba. Maganar gida na yi, ba maganarta ba. Kada ki sa min magana a baki.

Sannan ban gane abin da kike nufi da kin san hannun da kika bar ta ba. In wani ya kai miki wata magana, ki fito fili ki faɗa, ba sai kin lulluɓe ba. Shekara uku ni ke yi mata wanka, ni ke wanke zannuwanta. Wanda yake nesa ba ya ganin wannan, tambayar kwano da sili kawai ya iya.

Rigarki tana nan, ban haɗa hannun ba.

Ƙanwarki.

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya mai jiki? Wannan ita ce takarda ta biyu da na aiko ba amsa. Ta farkon ban sani ba ko ta iso, don ruwa ya cinye hanya, mota ta yi mako uku ba ta shigo ba.

Wallahi tallahi ba wanda ya kawo min magana kafin in rubuta waccan da ta ɓata miki rai. Da na ce na san hannun da na bar ta, godiya nake yi. Ban san ta inda kika juya ta ta zama zagi ba. Na karanta amsarki a tsaye a bakin ɗakin haihuwa, sai da na nemi wuri na zauna. Tun muna yara ba ki taɓa yi min magana haka ba.

Amma yanzu kam magana ta zo min, kuma zan faɗa a fili yadda kika nema. Jiya direba ya iso hannu wofi. Na tambaye shi ko ya ga Inna. Ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce ranar da ya karɓi takardarki ta ƙarshe bai gan ta ba, ya dai ga saman benenku a buɗe, kwano biyu babu. Maƙwabciyarku ce ta ce masa tsohuwar tana kwance a asibiti. Ya ɗauka na sani, shi ya sa bai faɗa ba tun lokacin.

Ke kin rubuta min ɗan sanyi da tari.

Ba faɗa nake nema ba. Uwata ce. In tana raye ki ce min tana raye. In wani abu ne daban, kada ki bar ni in ji a bakin direba. Tun jiya na karɓi haihuwa biyu, hankalina ba ya wajen, har mai jegon ta tambaye ni ko lafiya.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Yayarki.

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Tana raye. Na fara da wannan don ki samu ki zauna. An sallamo ta, tana ɗakinta na ƙasa, tana cin abinci kaɗan-kaɗan, tarin ya ragu. Takardunki biyu duk sun iso. Ta farkon na ɓoye ta a ƙarƙashin yadi a cikin kwandon ɗinki, na kasa amsawa.

Ba ki zage ni ba, Yaya. Ni ce na san abin da hannun nan ya yi, shi ya sa godiyarki ta ƙone ni. Yanzu zan faɗa miki duka, ki yi min duk hukuncin da kika ga dama.

Ɗakin sama bai fi shan iska ba. Ƙarya na yi. Shi ne mai kwanon, ba a taɓa yi masa sili ba. Kuma ba don baƙi kawai na mayar da ita ba, don saura mako uku su zo na kwashe kayanta. Na ce zan yi wa ɗakin fenti. Da fenti ya bushe sai na ji sanyin ɗakin, ga bango mai kauri, ga inuwar bishiya ta taga. Barandar da nake ɗinki kuwa kamar tanda. Sai na jawo kekena na shigar. Na ce kwana biyu ne. Ina ɗinki a inuwa, ita tana sama inda da azahar ba ki iya taɓa ƙarfen gado. Takan sauko da zama, matakala ɗaya-ɗaya, ta zo ta raɓe a bakin ƙofar ɗakinta tana kallona ina aiki. Na ga ƙurajen zafi sun feso mata a baya wajen wanka, na barbaɗa hoda na ja bakina.

Ranar liyafa tun da safe ta ce in ciro mata shuɗin zanenta. Na ciro. Amma kin san halinta yanzu. In ta kama hannun baƙo ba ta saki, sai ta ba shi labarin yadda babana ya yi tallan ruwa, ta gama ta sake farowa. Wani lokacin kuma fitsari yakan kufce mata. Zuwan yayar baban yara na ƙarshe, a gabana ta toshe hanci da gyale. Wannan ne ya tsaya min a rai. Sai na kai mata abinci da gorar ruwa ɗaya, na ce, “Gwaggo, ki zauna tukuna, rana ta yi yawa. In ta yi sanyi zan zo in sauko da ke.” Ta ce, “To, 'yar nan.” Na fito na ja ƙofa, na zura sakata ta waje. Na gaya wa kaina don kada yaran baƙi su dame ta ne. Ba don haka ba ne. Don kada ta sauko ne.

Ranar ta fi kowace rana zafi. Ƙanƙarar da muka sayo ta narke tun kafin azahar. Tamfol ɗin rumfa ya riƙe zafi, mutane suna fifita da faranti, mata biyu suka yanke jiki sai da aka yayyafa musu ruwa. Ina ta zirga-zirga da lemo. Sau biyu na tuna da ita, sau biyu wani ya kira ni.

Bayan la'asar iska ta ɗauke cak, ko ganye ba ya motsi. Can sai gari ya yi duhu, ta taso gaba ɗaya. Rumfa ta ɗaga ta kifa a kan katanga, kujeru suna birgima, yara suna kuka, ruwa kamar ana juye bokiti. Na yi ta tura mutane ɗakuna, ina kwashe tukwane, ina neman tawul. Na ji wata ƙara mai ƙarfi ta kwano, na ce na maƙwabta ne. Yaya, ina durƙushe ina goge wa yayar miji takalmi, Auta ta dafa ni ta ce, “Mama, ina Kaka?”

An kusa awa biyu da fara ruwan.

Na hau da gudu, Auta tana bayana. A gabanta na zare sakatar. Kwano biyu sun tafi, sama a buɗe, ruwa ya kai idon sawu, katifa ta sha ta ƙoshi. Gorar ruwan tana yawo a kai, babu komai a ciki. Gwaggo ta shige ƙarƙashin tebur ta takure, da shuɗin zanenta da ɗankwalinta a ɗaure tsaf, haƙoranta suna haɗuwa. Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Har an tashi?”

Sannan ta buɗe hannunta ta miƙa wa Auta ƙullin hankici. 'Yan kunnenta ne na azurfa. Tun safe take riƙe da su, tana jira a kira ta ta ba ta a gaban mutane.

Kwananta tara a asibiti. Likita ya ce zafi ya fara busar da ita, sannan ruwa ya shiga ƙirjinta. Ya tambaya yadda aka yi tsohuwa kamar wannan ta wuni a ƙarƙashin kwano. Kafin in buɗe baki ta ce, “Taurin kaina ne, likita. An yi an yi in sauko na ƙi.” Har ya yi mata faɗa, ina tsaye ina riƙe da kofinta.

Baban yara bai san zancen sakata ba, ya ɗauka mantuwa ce. Auta ta sani. Tun ranar ba ta ce min komai ba, gaisuwa kawai, idonta a ƙasa. Ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin Gwaggo. Na fitar da keken.

Ban nemi gafarar Gwaggo ba har yau. Kullum sai in shiga da niyya, sai ta ce in duba mata ko ɗankwalinta ya karkace, in gyara in fito.

In kin zo ɗaukarta ba zan ce komai ba.

Ƙanwarki.

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Mun iso lafiya tun wancan makon, hanya ce ba ta bari mota ta koma ba sai yau. Inna ta jure tafiyar fiye da yadda na zata. Tarin ya tafi, ƙafarta ce ta ɗan kumbura. Ki gaida maigidan, ki yi masa godiyar rakiya. Ki gaida Auta.

Kwana biyun da na yi a gidanki ban yi miki magana ba, kin kawo min abinci na kau da kai. Na yi fushi, kuma ba zan ɓoye miki ba, har yanzu da sauransa. In na tuna ta a ƙarƙashin teburin nan sai fushin ya dawo min sabo. Amma ba fushi kaɗai ya rufe min baki ba. Kin faɗi taki, bari in faɗi tawa.

Abokiyar aikin da na ce muna raba ɗaki, shekara biyu ke nan da aka canza mata wuri. Ɗaki biyu gare ni, da sili, da baranda mai inuwa. Ɗayan buhunan gawayi na zuba a ciki. Hutun ma ban nema ba, balle a hana ni. Zuwana na ƙarshe na ga yadda ta tsufa, na ga kina canza mata zane, sai na ji tsoro. Ni da nake wanke matan mutane kullum, na kasa tunanin wanke uwata. Na gudo na bar miki, ina aiko miki da yadda ake jiƙa zane a taga. Duk ranakun da ta yi a ƙarƙashin kwanonki, akwai ɗaki mai sanyi a nan da gawayi yake kwance a ciki.

Jiya na ce mata zan rubuto miki, ko tana da saƙo. Ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara. Ga shi:

“Ki ce wa 'yar nan na ji lokacin da ta sa sakatar. Kunnena bai mutu ba. Na ji haushi, na yi kukana na share. Da ruwa ya sauko na buga ƙofa, ba a ji ba, sai na bari. Ki ce mata na yafe tun a asibiti, ta daina shigo wa mutane ɗaki tana tsaye kamar an aiko ta. Ta kuma gaya wa mijinta da bakinta, kada ta bar yarinya da ɗaukar wannan ita kaɗai. Auta kuma ta saki fuska, uwa uwa ce. Shi ke nan. A'a, ki ƙara, ta aiko min da hodar nan, ta nan ba ta da ƙamshi.”

Na rubuta yadda ta ce. Naki laifin ba sai an faɗa mata ba, nawa kuwa na kasa faɗa mata. Ta shiga ɗakin ta ga baƙin gawayi a bango, ta dube ni, ta ce a shimfiɗa mata tabarma.

Ina koyon abin da kika yi shekara uku kina yi. Ban iya ba tukuna. Ruwan wankan ko ya yi zafi ko ya yi sanyi, kuma ta ce hannuna yana da nauyi. Nan ma ana ta ruwa, jiya da yamma aka yi iska mai ƙarfi har ta karya reshe a bayan asibiti. Na baro aiki da gudu na zo na same ta zaune a bakin gado, ta ƙanƙame zanenta tana kallon sili. Na riƙe ta na ce, “Inna, ga ni.” Ta lalubi fuskata, ta kira sunanki.

Da safe ma in ta farka ke take kira. Nakan amsa.

Ki rubuto.

Yayarki.